Daga Kotu Zuwa Falo: Tsofaffin Finafinan Laifukan Gaske a Kan Kaset da Faifai

A ƙarshen shekarar 1977 wani ɗan kasuwa a jihar Michigan ta Amurka, Andre Blay, ya ƙulla cinikin da manyan kamfanonin fim na Hollywood suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi. Ya ba kamfanin 20th Century Fox kafin alƙalami na dala 300,000, su kuma suka ba shi izinin naɗar tsofaffin finafinansu hamsin a kan kaset ɗin bidiyo, ya sayar wa duk wanda ke da na'urar kallo a gida. Kamfaninsa, Magnetic Video, ya sa wa kaset ɗaya farashin kusan dala 50, kuɗin da ba kowane magidanci ne zai iya fitarwa don nishaɗi ba a wancan zamani. Cikin hamsin ɗin akwai fim ɗin yaƙi Patton, akwai na waƙe-waƙe The King and I, akwai kuma The Boston Strangler, fim ɗin 1968 da ke ba da labarin mutumin da aka ce ya shaƙe mata goma sha uku a birnin Boston da kewayensa tsakanin 1962 da 1964.

Ke nan tun ranar da fim ya zama hajar da mutum zai saya ya ajiye a ɗakinsa, akwai labarin kisan kai na gaske a cikin kayan. Fim ɗin da aka gina a kan ƙagaggen labari, yadda aka bar shi haka za a same shi bayan shekara hamsin, kuma babu wanda zai cutu. Wanda aka gina a kan shari'ar gaske kuwa yakan tsaya cak a ranar da aka gama haɗa shi, ita kuma shari'ar ta ci gaba da tafiya: shaidu su janye maganarsu, a tono gawa, a wanke wanda aka riga aka rataye. Kaset da faifai su ne suka tsawaita ran irin waɗannan finafinai har suka tarar da duk wannan.

Richard Fleischer, wanda ya ba da umarnin The Boston Strangler, ya ɗauke shi ne a faffaɗan hoto irin na allon silima, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Ya kuma riƙa rarraba allon gida-gida, ta yadda mai kallo zai ga maƙwabta suna hirarsu a wani gefe, a ɗaya gefen kuma ga gawa kwance a ɗakin da ba su buɗe ba tukuna. Talabijin ta wancan zamani kuwa kusan murabba'i ce. Don hoto ya cika ta, masu naɗar kaset sukan datse gefen dama da na hagu su bi inda jarumi yake, a haka sama da kashi arba'in cikin ɗari na hoton yakan salwanta. A yawancin finafinai mai kallo bai cika lura da asarar ba. A fim ɗin da aka gina fargabarsa a kan ganin wuri biyu lokaci guda, datsewar gurguntawa ce.

Babban giɓin dai yana cikin labarin kansa. Albert DeSalvo, wanda Tony Curtis ya fito a matsayinsa, ya amsa da bakinsa cewa shi ne ya yi kashe-kashen, amma ba a taɓa gurfanar da shi a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɗaurin rai-da-rai da aka yi masa a 1967 na wasu laifuka ne daban, na fashi da cin zarafin mata. Fim ɗin ya nuna shi a matsayin mutum mai hali biyu a jiki ɗaya, wanda ɗayan bai san abin da ɗayan ke aikatawa ba, wannan kuwa ƙari ne na masu fim. DeSalvo ya je kotu don ya hana fitar da shi, bai yi nasara ba. A ƙarshen fim ɗin akwai rubutu da ke sanar da mai kallo cewa DeSalvo yana tsare a kurkukun Walpole. Gaskiya ne a 1968. Amma a Nuwamban 1973 aka daɓa masa wuƙa a cikin kurkukun ya mutu, don haka wanda ya sayi kaset ɗin Blay a 1977 ya karanta labarin fursunan da ya shekara huɗu a kabari.

Lokacin da fim ke iya ɓacewa

Kafin zuwan kaset, fim baƙo ne. Yakan yi 'yan makonni a silima, in ya yi sa'a a sake kawo shi bayan wasu shekaru ko talabijin ta nuna shi da tsakar dare, daga nan ya koma sito. Da yawa ko siton ba su kai ba. Fim ɗin da ake ɗauka shi ne dogon fim na farko a duniya mai ba da labari, The Story of the Kelly Gang, labarin laifi ne na gaske. An fara nuna shi a birnin Melbourne na Ostareliya ranar 26 ga Disamban 1906, shekara 26 bayan rataye ɗan fashin daji Ned Kelly, lokacin mahaifiyarsa tana raye. Tsawonsa ya wuce awa ɗaya. 'Yan shekaru bayan haka wasu jihohin ƙasar suka haramta finafinan 'yan fashin daji gaba ɗaya, saboda tsoron kada su mai da masu laifi gwarzaye. Abin da ya rage na fim ɗin a yau kusan minti 17 ne, gutsattsarin da aka tsinto nan da can, hukumar adana finafinai ta ƙasar ta haɗa su a 2006.

Wani fim ɗin kuma mai shi ne ke ɓoye shi. Rope na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1948, an ɗauko shi ne daga wasan kwaikwayon da ya samo tushe daga kisan da ɗalibai biyu 'ya'yan masu kuɗi, Nathan Leopold da Richard Loeb, suka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Bobby Franks, a Chicago a 1924, don kawai su gwada cewa za su iya kisa ba a kama su ba. Hitchcock ya janye Rope tare da wasu finafinansa huɗu daga kasuwa, ba su dawo ba sai a 1983 da 1984, bayan mutuwarsa, daidai lokacin da shagunan hayar kaset ke neman abin cika kanta.

Wannan kisa na 1924 shi ne kuma tushen Compulsion, fim ɗin da Fleischer ya yi a 1959, wanda Orson Welles ya fito a matsayin lauyan da ya ceci samarin daga rataya. An kashe Loeb a kurkuku tun 1936. Leopold kuwa an sake shi bisa sharaɗi a 1958 bayan ya shafe fiye da shekara talatin a ɗaure, ya koma tsibirin Puerto Rico yana aikin asibiti, yana fatan duniya ta manta da shi. Littafi ya riga ya fito, sai ga fim, kuma ko da yake an canza sunaye a cikin labarin, an yi amfani da sunansa wajen talla. Ya kai ƙara cewa an keta masa sirri. A 1970 kotun ƙolin jihar Illinois ta yanke cewa laifinsa ya riga ya zama al'amarin jama'a, ba shi da ikon hana a ba da labarinsa. Ya mutu shekara guda bayan haka. Hukuncin yana da hujja, domin mai kisa ba shi ne zai tsara yadda za a tuna da abin da ya aikata ba. Sai dai an yanke shi ne a zamanin da babu na'urar bidiyo a gidajen mutane, lokacin da mutum zai iya sa ran cewa fim zai yi kwanakinsa ya wuce.

Maɓallin mayarwa baya

Kamfanin Sony ya fito da na'urar Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Kamfanonin Universal da Disney suka maka Sony a kotu, suna cewa na'urar kayan satar fasaha ce. A Janairun 1984 kotun ƙolin Amurka ta ba Sony gaskiya da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Kafin shekarun 1980 su ƙare, kuɗin da Hollywood ke samu daga kaset ya zarce na tikitin silima. Shagunan haya suka yi yawa har tsofaffin finafinai suka kasa cika su, masu sayar da kaset suka fara ba da kuɗi a shirya musu sababbi masu araha.

Ta haka aka haifi Henry: Portrait of a Serial Killer. Wasu 'yan'uwa biyu a Chicago, Malik da Waleed Ali, masu kamfanin kaset na MPI, suka ba John McNaughton kimanin dala 110,000 ya yi musu fim ɗin tsoro mai jini wanda zai yi kasuwa a shago. Shi kuwa ya kawo musu wani abu mai sanyi da tayar da hankali, wanda ya gina a kan iƙirarin Henry Lee Lucas, fursunan jihar Texas da ya ce ya kashe ɗaruruwan mutane. An gama fim ɗin a 1986, hukumar tantance finafinai ta Amurka ta ba shi alamar X, wadda a lokacin ake danganta ta da finafinan batsa, ya zauna har 1990 kafin ya shiga silima.

Wurin da ya fi tayar da ƙura a cikinsa ya shafi bidiyo kai tsaye. Mai kallo yana ganin Henry da abokinsa suna kashe wasu mutanen gida, miji da mata da ɗansu, cikin hoto mai rawa irin na kyamarar hannu. Can sai hoton ya ja baya, a ga ashe su biyun ne zaune a kan kujera suna kallon abin da suka naɗa a talabijin, har abokin ya mayar da kaset ɗin baya don ya sake kallo a hankali. Wanda ya ɗauko fim ɗin daga shago ya kai gida, a wannan lokaci zai ga cewa zamansa da nasu iri ɗaya ne.

A Birtaniya wannan ne ainihin abin da hukuma ke tsoro. Bayan hayaniyar da jaridu suka tayar a kan kaset-kaset masu zubar da jini a farkon shekarun 1980, majalisa ta yi dokar bidiyo ta 1984, wadda ta wajabta wa hukumar tace finafinai ta BBFC ta duba kowane kaset tare da la'akari da cewa a cikin gida za a kalle shi. Hujjar ita ce, a silima akwai mai tsaron ƙofa da ke duba shekaru, fim kuma yana tafiya ba ya tsayawa. A gida kuwa akwai yara, akwai kuma maɓallin tsayarwa da na mayarwa baya, wanda zai ba mutum damar ware minti ɗaya na ta'asa ya yi ta nanata shi. Saboda haka fim ɗaya yakan samu hukunci biyu, na kaset ya fi tsanani. Da Henry ya zo neman izinin kaset, wanda ya fito a 1993, an cire kusan minti biyu daga cikinsa. Shugaban hukumar, James Ferman, bai tsaya ga yanka ba: ya sa an ɗauko hoton makasan zaune suna kallo an cusa shi tun a tsakiyar kisan, don kada mai kallo ya daɗe a cikin ta'asar. Da wannan gyara ya kashe abin da McNaughton ya shirya, wato firgitar da mai kallo ke yi idan ya gano a makare inda yake zaune. Sai a 2003 aka bar fim ɗin ya fita cikakke a Birtaniya.

Duk wannan taƙaddama a kan daƙiƙoƙi aka yi ta, alhali matsalar da ta fi girma tana wani wuri. Tun a 1985, kafin a gama fim ɗin, jaridar Dallas Times Herald ta nuna cewa ba zai yiwu Lucas ya kasance a wuraren da ya ce ya yi kisa a ranakun da ya ambata ba. Rahoton babban lauyan jihar Texas na 1986 ya ƙarfafa cewa yawancin iƙirarin ƙarya ne. Lucas ya gane cewa muddin yana amsa laifi za a ci gaba da yawo da shi ana ba shi abinci mai kyau da taba, 'yan sanda daga jihohi da yawa kuma suka samu hanyar rufe fayilolin da suka gagare su. An rufe kusan shari'a ɗari biyu da sunansa, ma'ana an daina neman waɗanda suka kashe mutanen da yawa daga ciki. A 1998 gwamna George W. Bush ya sassauta masa hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai-da-rai saboda shakkar da ke cikin shari'ar, ya mutu a kurkuku a 2001. A yi wa McNaughton adalci, fim ɗin ya buɗe da sanarwar cewa an gina shi ne a kan iƙirarin da mai shi ya janye da yawa daga ciki. Amma sanarwa ta 'yan daƙiƙoƙi ba ta iya ja da fuskar Michael Rooker ta minti tamanin ba. Gani ya kori ji, kuma Lucas ɗin da duniya ta riƙe shi ne na cikin kaset.

Faifai ya zama ma'ajiya

A shekarar da aka yi waccan doka a Landan, wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Criterion ya fara fitar da tsofaffin finafinai a kan babban faifan leza. A kan faifansa na King Kong na 1984 aka fara jin wani sabon abu: muryar masanin tarihin fim, Ronald Haver, tana bayani a kan hoton yayin da fim ke tafiya. Kamfanin ya kuma dage a kan nuna hoto da cikakken faɗinsa, ko da za a bar baƙin layi a sama da ƙasan allo. Masu saye kaɗan ne, amma da faifan DVD ya zo a 1996 da 1997, sai waɗannan al'adu suka zama ruwan dare: sharhin murya, hira da waɗanda suka yi aikin, tsofaffin rahotanni, ɗan littafi a cikin kwali.

Babu fim ɗin laifi da ya ci moriyar wannan kamar M na Fritz Lang. An fara nuna shi a Balin a watan Mayun 1931, makonni kaɗan bayan an yanke wa Peter Kürten hukuncin kisa saboda kashe-kashen da ya yi a birnin Düsseldorf, kuma kafin a sare masa kai a watan Yuli. Lang ya musanta cewa labarin Kürten ne shi kaɗai, yana nuni da wasu makasan da suka addabi Jamus a shekarun 1920, amma jama'ar da suka cika silima sun san abin da suke kallo. Peter Lorre ya fito a matsayin mai kashe yara wanda 'yan sanda da 'yan daban birni suke farauta lokaci guda, har 'yan daban suka riga kama shi suka kafa masa kotu a wani kango. 'Yan Nazi sun haramta fim ɗin a 1934, bayan Lang da Lorre sun bar ƙasar. A 1940 kuma suka yanko wurin da Lorre, wanda Bayahude ne, yake kuka yana cewa ba ya iya hana kansa kisa, suka saka a cikin fim ɗinsu na farfagandar ƙin Yahudawa kamar shaida ce a kan al'umma guda.

Tsawon M a ranar farko minti 117 ne. Wanda aka sake fitarwa a 1960 bai kai minti 100 ba, kuma shi ne ya yi ta yawo shekaru da dama, har a kan kaset-kaset masu dishi-dishin hoto da rubutun fassara da ba ya karantuwa. A shekarar 2000 ma'ajiyar finafinai ta Holan, tare da takwarorinta na Jamus da wasu ƙasashe, ta haɗo mafi kyawun abin da ya tsira aka samu kusan minti 110. Wannan ne Criterion ya fitar a 2004, sannan a 2010 ya sake fitar da shi a faifan Blu-ray tare da wani bugu na Turanci da aka yi a farkon shekarun 1930 wanda aka daɗe ana zaton ya ɓata. Mai kallo na yau a ɗakinsa yana ganin M fiye da yadda kusan kowa ya gan shi tsakanin 1934 da 2000.

Haka faifai ya ɗaga The Honeymoon Killers na 1970, labarin Raymond Fernandez da Martha Beck, waɗanda suke yaudarar mata masu neman miji ta wasiƙa su kashe su, aka kuma kashe su biyun a kujerar lantarki ta kurkukun Sing Sing rana ɗaya a Maris 1951. Leonard Kastle, mawallafin kiɗa ne, ya karɓi aikin bayan an sallami wani matashi mai suna Martin Scorsese, kuma bai sake yin wani fim ba. An tallata shi a matsayin fim ɗin banza mai araha. Shigarsa jerin Criterion a 2003 ta mai da shi abin nazari a jami'a.

Gidaje biyu

Wani fim da Fleischer ya yi a wannan fanni shi ne ya fi nuna amfanin adanawa. 10 Rillington Place, wanda ya fito a 1971, sunan wani gida ne a unguwar Notting Hill ta Landan. A 1949 aka tsinci gawar matar wani direba mai suna Timothy Evans da ta 'yarsu jaririya a bayan gidan. Evans, wanda da ƙyar yake iya karatu, ya ba 'yan sanda bayanai masu karo da juna, daga baya ya ce maƙwabcinsa na ƙasan bene, John Christie, shi ne ya yi kisan. Christie ya zama babban mai ba da shaida a kansa. An rataye Evans ranar 9 ga Maris 1950. Bayan shekara uku wani sabon ɗan haya ya gano gawarwakin mata uku a wani lungu da aka liƙe a kicin ɗin Christie, aka kuma samu wasu a ƙarƙashin daɓe da cikin lambu, har da ta matarsa. An rataye Christie a Yulin 1953. Littafin da ɗan jarida Ludovic Kennedy ya wallafa a 1961 ya taimaka wajen tilasta sabon bincike, aka yi wa Evans afuwa a 1966, shekara 16 bayan mutuwarsa. Shari'arsa tana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta dakatar da rataya a kan laifin kisa a 1965, ta kuma tabbatar da hakan a 1969.

Fleischer ya ɗauki fim ɗin a ainihin layin, wanda aka riga aka canza wa suna saboda kunya, jim kaɗan kafin a rushe shi. Richard Attenborough ya fito a Christie, John Hurt a Evans. Albert Pierrepoint, mutumin da ya rataye Evans da Christie duka, shi ne ya ba da shawara a kan yadda za a nuna ratayar, shi ya sa take zuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba jawabi ba bankwana. A nan lokaci ya bi bayan fim ɗin ne. Binciken da ya kai ga afuwar 1966 ya wanke Evans daga kisan 'yarsa amma ya bar zargin matarsa a kansa, fim ɗin kuwa ya tsaya a kan cewa bai kashe kowa ba. Sai a 2004 babbar kotu a Landan ta amince cewa bai kashe ko ɗayansu ba. Layin babu shi a yau, kuma wanda yake son ya ga ƙuncin gidan da talaucin da ya sa Evans ya yarda da maƙwabcinsa, sai dai ya nemi faifan, wanda kamfanin Indicator ya sake fitarwa a 2016 da sharhin muryar Hurt a kai.

Gida na biyu yana ƙauyen Holcomb a jihar Kansas. A daren 15 ga Nuwamban 1959 wasu tsofaffin fursunoni biyu, Perry Smith da Richard Hickock, suka shiga gidan wani manomi, Herbert Clutter, bisa labarin ƙarya cewa akwai akwatin kuɗi a ciki. Suka kashe shi da matarsa da 'ya'yansu biyu, suka fita da abin da bai kai dala 50 ba da rediyo da madubin hangen nesa. An rataye su a Afrilun 1965. Littafin Truman Capote, In Cold Blood, ya fito a 1966, fim ɗin Richard Brooks ya biyo baya a 1967. Brooks ya ɗauki kisan a cikin ainihin gidan, a ɗakunan da aka yi shi, ya ɗauki shari'ar a ainihin kotun, har wasu daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci suka sake zama a kujerunsu. Conrad Hall ya ɗauki hoton baƙi da fari, Quincy Jones ya yi kiɗan. Wurin da inuwar ruwan sama da ke gangarowa a taga take sauka a fuskar Robert Blake kamar hawaye, yana jiran a kai shi ga igiya, yana cikin abubuwan da ake koya wa ɗaliban ɗaukar hoto.

Criterion ya fitar da shi a 2015 da hoto garau da tarin ƙarin bayani a kan Brooks da Hall da Jones da Capote. Abin da ya taru a kan labarin cikin shekaru 48 ɗin nan yana da nauyi. An tabbatar cewa Capote, wanda ya yi alfaharin cewa komai na littafinsa gaskiya ne, ya ƙago wurin da ya rufe shi da shi a maƙabarta. 'Ya'yan Clutter mata biyu da suka tsira, domin ba sa gidan a daren, sun nuna rashin jin daɗinsu da yadda aka siffanta mahaifiyarsu. Shi kansa Blake an gurfanar da shi bisa zargin kisan matarsa da aka yi a 2001, kotu ta sallame shi a 2005, amma wata kotun ta ɗora masa diyyar dala miliyan 30 a wannan shekarar. Mai kallo na 2015 ba zai iya ganin waɗancan hawayen na ruwan sama da idon mai kallo na 1967 ba.

A nan ne kuma iyakar faifai take bayyana. Ƙarin bayanin da ake cika shi da shi kusan kullum a kan sana'ar fim yake: wace kyamara, wane haske, wace rigima aka yi da masu kuɗi. Masu magana su ne darakta da 'yan wasa da masana. Da wuya a ji dangin waɗanda aka kashe, wani lokaci don ba a tambaye su ba, wani lokaci don sun gaji da tambaya. Makashi yakan samu fitaccen ɗan wasa da kiɗa da hoton kwali, wanda aka kashe kuma ya samu minti biyar na farkon fim.

Kasuwar da Blay ya buɗe yanzu ta tsuke. Netflix ya daina aika faifai ta gidan waya a Satumban 2023, manyan kantuna a Amurka suna kwashe kantocin faifai, kallo ya koma intanet, inda fim ke zuwa tsirara ba sharhi ba ɗan littafi, kuma yana iya ɓacewa ranar da yarjejeniya ta ƙare. Tsofaffin finafinan laifi sun koma hannun ƙananan kamfanoni masu buga kaɗan don masu tarawa. Wannan ma gata ne da ba kowace ƙasa ke da shi ba. Eddie Ugbomah ya yi fim a kan ɗan fashi Ishola Oyenusi, wanda aka harbe a bakin teku a Legas a 1971, ya kuma yi Death of a Black President a kan kisan Janar Murtala Muhammad, dukansu kafin zamanin bidiyon Najeriya, kuma ba su samu irin hidimar da aka yi wa M ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ba na laifi ba ne, sai da aka tsinci faya-fayansa a 2016 aka kai Balin aka gyara kafin a sake ganin sa.

Shi kuwa The Boston Strangler, a Yulin 2013 hukumomin Boston suka tono gawar DeSalvo, gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya haɗa shi da kisan Mary Sullivan, 'yar shekara 19, wadda ita ce ta ƙarshe a jerin, a Janairun 1964. Sauran goma sha biyun babu irin wannan hujja a kansu, kuma har yanzu akwai masu binciken da ke ganin ba mutum ɗaya ne ya kashe su duka ba. A 2016 kamfanin Twilight Time ya fitar da fim ɗin a faifan Blu-ray, kwafi 3,000 kacal kamar yadda ya saba, da cikakken faɗin allon da duk gidajen da Fleischer ya rarraba. Rubutun ƙarshe yana nan yadda aka bar shi a 1968, yana sanar da cewa Albert DeSalvo yana tsare a Walpole.